Tsarabar Malam Hadari

A gidan ƙanwata akwai yaro ɗan shekara tara da 'yan gida suka laƙaba wa suna Malam Hadari. Da zarar gabas ta yi baƙi, iska ta fara buga ƙyauren langa-langa, kowa ya shiga rige-rigen kwashe shanya da rufe tagogi da kora kaji akurki, shi kuwa sai a neme shi a rasa. Yana can bakin zaure, baki sake, ya zuba wa sama ido. In aka janyo shi ciki da ƙyar, sai ya buɗe babin tambaya. Me ya sa walƙiya take riga tsawa zuwa? Ina ƙanƙara take samun sanyi alhali mu nan muna gumi? Don me hadari kullum daga gabas yake tasowa? Duk wayar da ta faɗa hannunsa kuma, bidiyon guguwar Amurka yake nema, irin mai sungumar mota ta yi jifa da ita.

Da na ce zan zo hutun Sallah, uwarsa ta kira ni ta ce: "Yaya, don Allah in za ka kawo masa tsaraba kada ka biye wa haukan nan nasa. Ka sayo masa ƙwallo ko bindigar roba kamar sauran yara." Na san abin da take tsoro, kuma ba ta yi laifi ba. Yaron da ba ya gudun hadari wata rana zai tsaya inda bai kamata ba. Amma ban bi maganarta ba. Na kawo masa ma'aunin ruwan sama da littafin rubutu mai bango mai kauri, kuma tun daga lokacin nake ta gardama da mutane a kan wannan kyauta, har na ga gara in rubuta abin da nake gani. A ra'ayina yaro irin wannan ba a rarrashinsa da abin wasa don ya manta. Hannu ake sa masa a aikin, a ba shi abin awo. Kuma maganar ta wuce gidan ƙanwata, domin ƙasar da muke ciki tana da ƙarancin masu awon nan ƙwarai da gaske.

Bari in fara da abin kansa, don kada wani ya ɗauka wata na'ura ce mai tsada. Ma'aunin ruwan sama kwano ne kawai mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, aka ajiye shi a fili ruwa ya zuba a ciki, a auna zurfinsa da rula. Akwai na roba mai zanen lambobi a jiki, ana samunsa a shagunan da ke sayar wa makarantu kayan kimiyya. Wanda bai samu ba, gorar lemo babba ta isa: a yanke wuyanta, a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba ɗan siminti a gindin don ya daidaita ya kuma yi nauyi, a manna rula a gefe ta fara daga saman simintin. Babban gwangwanin tumatir ma yana yi, in dai bai lotse ba. Sharaɗin ajiye shi ya fi shi kansa muhimmanci. Ba a sa shi ƙarƙashin indararo, ba a jingina shi da bango, ba a sa shi kusa da darbejiya. Nisan da ke tsakaninsa da bango ko itace ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin. A gidajenmu na cikin gari masu ƙaramin tsakar gida, wannan yana nufin a ɗaure shi a kan sanda. Sannan a riƙa duba shi a lokaci ɗaya kullum, misali ƙarfe bakwai kafin a tafi makaranta, a rubuta, a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili. Wannan sifilin shi ne yara suka fi rainawa, alhali shi ne yake nuna tsawon fari.

Ga inda daɗin abin yake. Milimita ɗaya a cikin ma'auni daidai yake da lita ɗaya ta ruwa a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Ka ce rufin gidanku mita goma ne tsawo, goma faɗi. In aka wayi gari yaro ya karanta milimita 30, to lita 3,000 ce ta sauka a kan kwanon gidan a dare ɗaya, wato jarka 120 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Ranar da muka yi wannan lissafi da shi, sai ya yi shiru, can ya ce: "Kawu, to duk ina ya tafi?" Na ce masa je ka leƙa kwatar ƙofar gida. Ya dawo ya ce ta cika da leda, ruwan ya bi ta gidan maƙwabta. A ganina babu wani darasin tsaftar muhalli da zai shiga kansa kamar wannan, don shi ya gano da kansa. Ga ninkawa da rabawa da yake ƙi a aji, yanzu shi ke nema a ba shi.

Mu Hausawa ba baƙin sama ba ne. Dubi yawan kalmomin da muke da su: yayyafi daban, tsattsafi daban, marka daban, ruwa kamar da bakin ƙwarya daban. Cida ba tsawa ba ce, tsawa ba aradu ba ce. Manomi ya san zuwan shamuwa alamar damina ce, ya san gawo yana zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, malaman hisabi kuma suna ƙidaya taurarin damina, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, kowanne da kwanakinsa goma sha uku. Wannan ilimi ne na gaske, an tara shi da ido shekara da shekaru. Gibinsa guda ɗaya ne: babu lamba. Ka tambayi dattijo yaya daminar bara, ya ce alhamdu lillahi an yi ruwa. Yaya ta bara waccan, ya ce ita ma an yi ruwa. Wacce ta fi, da nawa ta fi, a wane mako ruwan ya taru, nan magana ta ƙare. Muna tuna manyan masifu da suna, kamar yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984, amma abin da ke tsakaninsu ya bi iska.

Wasu sun riga mu gane amfanin lambar tun da daɗewa. A ƙasar Koriya, a 1441, zamanin Sarki Sejong, aka ƙera ma'aunin ruwan sama na ƙarfe mai girma ɗaya, shekara ta zagayo aka ba da umarnin a raba shi a larduna, hakimai su riƙa aiko wa fada da abin da suka auna. Lokacin nan saura shekara 22 Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano. Abin da ya fi burge ni kuma shi ne na baya-bayan nan. A watan Yulin 1997 ambaliya ta afka wa garin Fort Collins a jihar Kolorado ta Amurka, ta kashe mutum biyar. Da aka zo bincike sai aka ga wani ɓangaren garin ya sha ruwa fiye da milimita 300, wani ɓangaren kuma mai tazarar 'yan kilomita bai samu ko kusa da haka ba, kuma ma'aunan hukuma ba su kama inda ruwan ya fi tsanani ba. Mataimakin masanin yanayi na jihar a lokacin, Nolan Doesken, bai tsaya jiran sababbin na'urori ba. A 1998 ya fara raba wa mutanen gari ma'aunin roba, tsofaffi da 'yan makaranta, kowa ya auna a bayan gidansa ya aiko. Shirin da ake kira CoCoRaHS daga nan ya samo asali, yanzu ya karaɗe duk jihohin Amurka da dubban masu sa kai, kuma hukumar yanayi ta ƙasar tana amfani da lambobinsu.

To in ƙasar da ta cika da na'urorin hangen hadari ta ga tana bukatar ma'aunin bayan gida, ina ga mu? Duk wanda ya zauna a Kano ya san ana iya sheƙa ruwa a Hotoro, mutumin Kabuga yana shan ƙura. Haka ruwanmu yake, tsalle-tsalle yake yi. Ma'aunin da ke filin jirgin sama ba zai gaya maka abin da ya sauka a Wudil ko Bichi ba, balle a wata ruga da ke saman rafin da zai cika ya gangaro wa gari cikin dare. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin awo, kusan kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ya kamata. Tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma shi daga sama yake kirdado, sai an gwada kirdadonsa da abin da aka auna a ƙasa kafin a san ko ya yi daidai.

Sannan hadarin namu ba na da ba ne. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ya danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Ba sai an karanta mujalla ba ma. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600. A Satumban 2020 tsayin ruwan kogin Kwara ya kai santimita 700 a Yamai. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram na ƙasa, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube saboda ruwa. Kwanaki kaɗan bayan haka, daren 9 ga wata wayewar 10, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, namun daji suka fito daga gidan zu, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. A ranar 29 ga Mayun 2025 kuma ruwa ya share unguwanni a Mokwa, har da Unguwar Hausawa, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150. Yaron da ke da shekara tara yau, a cikin wannan zai girma. Ko ya so hadari ko ya ƙi shi, zai yi ta haɗuwa da shi.

Ba na yaudarar kaina cewa gorar lemo a tsakar gida za ta hana madatsa ɓallewa. Gyaran madatsa da yashe magudana da hana gini a kan hanyar ruwa aikin hukuma ne, ba aikin yara ba. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi shi nisa. Duk shekara hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, a Yamai kuma ga cibiyar nazarin yanayi da noma da ruwa ta AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari. Ana sanarwa a rediyo, amma maganar takan wuce ta saman kai, saboda in aka ce ana sa ran milimita 80 a yini ɗaya, mai sauraro ba shi da abin da zai kwatanta lambar da shi. Wanda ya taɓa auna milimita 40 da hannunsa, ya ga yadda layinsu ya koma kududdufi, in ya ji 80 ba sai an ce masa ya ɗauke buhunan hatsi daga ƙasa ba. Gargaɗi sai da kunnen da ya san yarensa. A ƙasar Mali tun 1982 aka fara raba wa manoma ma'aunin ruwa, ana haɗa abin da suka auna da shawarar da ake ba su a rediyo kan ranar shuka, don kada su yi gaggawar binne iri a kan ruwan farko mai yaudara. Akwai kuma shirin TAHMO da ke son kafa tashoshi 20,000 a Afirka, kuma da gangan yake dasa yawancinsu a harabar makarantu. Ban ga dalilin da zai hana kowace firamare da kowace Islamiyya a jihohinmu ta samu ma'auni ɗaya da littafi ɗaya da yaro ɗaya mai kula da shi a kowane mako ba, kamar yadda ake naɗa mai kaɗa ƙararrawa.

An yi mini suka iri biyu. Na farko, wani abokina ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na neman abin sawa a baki kana maganar ma'aunin ruwa. Wannan ban daɗe a kansa ba, don gora da rula ba su kai kuɗin bindigar robar da za ta karye kafin a gama yawon Sallah ba.

Na biyun ya fi nauyi, kuma daga wani dattijo da nake girmamawa ya fito. Ya ce ruwa na Allah ne, saninsa na cikin abubuwa biyar da ƙarshen Suratu Luƙman ta keɓe wa Allah, kada a koya wa yaro shisshigi. Na ce masa, Baba, yaron nan ba ya cewa gobe za a yi ruwa. Abin da Allah Ya riga Ya saukar jiya yake aunawa, kamar yadda kake auna geron da ka girbe kafin ka fitar da zakka. Alƙur'ani da kansa ya ce an saukar da ruwa daga sama da gwargwado, a Suratul Muminun aya ta 18. Abin da hadisi ya hana, a ƙissar asubar Hudaibiyya, shi ne mutum ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Shi kuwa mai hasashe alama yake karantawa, kamar yadda kai ma kake duban gabas ka ce a kwashe shanya, wani lokaci a yi ruwan, wani lokaci hadarin ya baje. Ya yi murmushi ya ce to a dai riƙa koya masa addu'ar jin tsawa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Yanzu in aka fara ruwa yakan ce "Allahumma sayyiban nafi'an", da safe kuma ya fita da rularsa, ban ga inda ɗayan ya ture ɗayan ba.

Bayan ma'aunin ruwa, abu na biyu da zan ba da shawara shi ne alamar iska, kibiya mai juyawa a kan sanda. Duk mai walda zai haɗa ta da guntun rodi da falle na langa-langa in ka zana masa a takarda, a haɗa wa yaro da ƙaramin kamfas don ya tsayar da gabas da yamma daidai. Na fi son wannan kyauta saboda za ta jefa shi cikin ruɗani mai amfani. Da damina zai ga yini guda kibiyar tana nuna iska daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari ya taso daga gabas. Amsar tana da daɗi. Iskar ƙasa mai laima daga tekun Gini take, ita ke kawo ruwan. Can sama kuwa, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Sanyayyar iskar nan mai ƙura da ke riga ruwa isowa, daga cikin girgijen take faɗowa ta bazu a ƙasa, a Sudan har takan ɗaga bangon ƙura da suke kira habub. Girgijen kansa yakan yi tsiri ya wuce kilomita 12, kuma da yake sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida da rabi a kowace kilomita, samansa ya fi cikin firiza sanyi nesa ba kusa ba. Ga amsar tambayarsa ta ƙanƙara.

Sai taswira, ta Afirka ko ta duniya, babba wadda za a liƙa a bango. Ita ce ta raba shi da raina hadarin gida. Na nuna masa da yatsa: hadarin da ya ratsa ta kanmu yana wuce Yamai da Bamako, ya fita teku ta wajen Dakar da tsibiran Kef Bad. Waɗansu daga cikin waɗannan jerin hadura, in suka samu ruwan teku mai ɗumi, su ne suke murɗewa su zama guguwar teku. Mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karebiyan da gaɓar Amurka daga nan Afirka ta Yamma suke samo asali. Na ce masa wadda kake kallo a waya ana kwashe mutane a Fulorida, wataƙila ta kan kwanon gidanku ta bi tana jaririya. Na kuma nuna masa kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Hazon da ke sa mu tari da hunturu, ya hana jirgi sauka, da yawansa daga can yake, wani kuma yakan ƙetare teku har dajin Amazon. Mahaukaciyar guguwar nan mai hanci kamar na giwa da yake so, ita kam a Amurka ta fi yawa, suna samun fiye da dubu a shekara. Tamu ta rani mai wasa da leda a fili, wadda aka ce mana aljanu ne a ciki muna yara, daga zafin ƙasa take tashi, ba ruwanta da girgije.

Ma'aunin zafi ma yana da kyau, musamman irin mai batir da ke riƙe mafi zafi da mafi sanyin yini, a rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Shi zai ɗebe masa kewa da rani lokacin da gora ta bushe. In ya rubuta digiri 41 a Afrilu, a gaya masa a ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai 48.5, ya kwatanta. Ƙaramar rediyo kuma ta fi waya, don zai ji hasashe ya gwada shi da littafinsa.

Akwai kyautar da ba a saye da kuɗi, kuma na fi ganin darajarta a kan duk waɗannan in ka cire ma'aunin ruwa: a kai yaro ƙauye ya yi kwana biyu wurin kakansa manomi a farkon damina, da littafinsa a hannu. Ya tambaye shi yaya yake gane ruwan shuka, wane irin girgije ne ba ya ba da ruwa, a wace shekara rafi ya taɓa kaiwa gindin tsamiyar bayan gari. Amsar tambayar ƙarshen nan injiniyoyi ma nemanta suke yi, kuma tana tafiya kabari tare da masu ita.

Abin da ba zan saya wa irin wannan yaro ba shi ne waya tasa ta kansa. Bidiyon guguwa ba ya ƙarewa, kowane ya fi na baya ban tsoro, da yawa yanzu ma haɗa su ake yi da kwamfuta, kuma abin da suke koya wa yaro shi ne jarumi shi ne wanda ya fi matsawa kusa. Rigar ruwa da takalmin roba ma na ɗan ja baya da su, don kamar ka ba shi lasisin fita ne.

Nan ne na dawo kan tsoron uwarsa, domin kyautar ba ta cika ba sai da sharuɗɗa, kuma a shafin farko na littafin na sa ya rubuta su da hannunsa. Ba a duba ma'auni sai da safe, ko da kuwa ruwan ya tsaya tun dare. In ya ga walƙiya ya fara ƙirga daƙiƙa har ya ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, saboda haske nan take yake isowa, sauti kuwa mita 340 kacal yake ci a daƙiƙa. Daga cikin ɗaki ake wannan ƙirga, kuma duk wanda ke jin tsawa yana inda aradu za ta iya kaiwa. Ba a fakewa a gindin itace, ba a tsayawa a fili ko a kan soro, ba a fita sai an yi rabin awa da jin tsawar ƙarshe. Ruwa mai gudu kuma ba a shiga, komai ƙanƙantarsa a ido. Santimita 15, wato bai wuce idon sawu da yawa ba, yana iya kayar da babban mutum in yana da ƙarfi, santimita 30 kuma ya ɗaga ƙaramar mota. Duk damina sai mun ji yaro ya bi kwata ko ya nutse a kududdufi, kuma galibi ba masu tambaya irin Malam Hadari ba ne, waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani ne. "Shiga ɗaki, kar in ƙara ganinka a waje" yana aiki ne kawai in babba na nan.

Littafin yanzu ya ci rabi. Akwai shafin da ya rubuta "akuya ta ture", akwai inda ya yi kwana huɗu bai rubuta komai ba saboda zazzaɓi, ƙanwarsa ta cike masa da nata lambobin da ba mu yarda da su ba. Uwarsa, wadda ta ce kada in biye masa, ita ce yanzu take tambayarsa nawa aka samu jiya kafin ta yanke ko za ta yi wanki. Makon jiya ya kira ni da wayarta yana ƙorafi. Wai ya auna milimita 22, ya tambayi Hajiya kakarsu a can ɗaya gefen gari, ta ce su ko ɗigo ba su gani ba, shi kuma bai gamsu da "ko ɗigo" ba, don wataƙila tana barci aka yi. Yana so in zo da gora ta biyu da rula, kuma in roƙi Hajiya ta bari a kafa sanda a tsakar gidanta, nesa da bishiyar gwandarta.